Injiniya da Keke Mai Gwame

Mijin yayata mai walda ne. Ƙofofi yake haɗawa da tagogi da kejin kaji, kuma tsakani da Allah ƙofarsa ba ta da laifi, in dai kana da ƙarfin ɗaga ta da kafaɗa kafin ta rufu. Amma kada ka kuskura ka ce masa mai walda. Injiniya yake. Shi ya raɗa wa kansa, shi ya rubuta a allon shago da jan fenti, har da wata farar hular kwano da ba ya cirewa ko shayi zai je sha.

Ni kuma Auta ake ce min. Tun ina rarrafe shan inna ya riƙe min ƙafafu, a keken guragu na girma, a kansa nake zuwa teburin da nake gyaran waya a bakin titi, dab da shagon nasa. Da yamma in na tattara kayana sai filin wasa, wurin Koci, inda muke atisayen tsere.

Keken tsere ba irin wanda kuke gani a asibiti ba ne. Dogo ne mai ƙafa uku, ƙarama can gaba, manya biyu a baya. Na bayan nan a karkace suke, samansu ya matso jikin mutum, ƙasansu ya buɗe, don hannu ya samu wurin dukan taya, kuma kada keken ya kife a kwana. A gaba akwai wani ɗan ƙarfe. In ka zo kwana ka buge shi, sai ƙafar gaba ta karkata hagu ta bi layin fili da kanta. In ka fito ka sake bugunsa ta miƙe. Hannuwanka biyu suna kan taya, ba mai lokacin riƙe sitiyari.

Mai kyau guda ɗaya tal kulob ɗinmu ya mallaka, kuma ni Koci ya ba aronsa. Ranar da ya ba ni bai ɓoye min komai ba.

"Auta, ranar tantancewa in kika shiga ukun farko, babbar ƙungiya za ta ɗauke ki, can za su ba ki keken kanki. In ba ki shiga ba, akwai masu jiran wannan a layi, kuma ba zan iya hana su ba."

Shekaruna sun fara ja. Na san in na sauka daga keken nan, ba ni ba tsere kuma.

Ɗakina ba ya ɗaukar keke biyu, don haka a ɗakin ajiyar Yaya nake barinsa. A nan Injiniya ya gan shi. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, sai ya taɓe baki.

"Wannan ne abin da ake ta zuzutawa? Ji fa, ba nauyi ko kaɗan. Wallahi sun cuce ku. Ƙarfe na gaske ai sai mutum biyu sun kama."

"Rashin nauyin ake nema, Yaya Injiniya."

"Kuma dubi ƙafafunsa. Gwame!"

"Haka aka ƙera shi."

"Haka za su ce miki mana. Wa zai sayar da abu ya ce miki kuskure ya yi?"

Ya ɗan tura shi. Da yake na bar ɗan ƙarfen nan a saitin kwana, sai keken ya lanƙwasa hagu ya je ya daki buhun gawayi. Injiniya ya kalle ni cike da tausayi, ya ce Allah sarki, ashe da wannan gurgun abu nake fama. Na ce masa guragu biyu sun haɗu, ya bar mu mun fahimci juna.

Washegari da safe ya tara maƙwabta a ƙofar shago. Ga mai aski, ga mai faci, ga Gwaggo mai ƙwai da rumfarta take can ƙarshen gangarar layinmu. Ya sanar da su cewa zai ƙera wa ƙanwarsa keken tseren da ba a taɓa gani ba, har suna ya riga ya sa masa: Walƙiya.

Mai aski ya ce, "Injiniya, ka taɓa kallon tseren nan kuwa?"

"Sai na kalli tsere zan san ƙarfe? Kai leƙa cikin kan mutum kake kafin ka yi masa aski?"

Mai faci ya ce, "Kejin da ka yi min fa, kajin suna buɗewa su fita, ni ne ba na iya buɗewa."

"Kajinka sun fi ka basira, laifina ne?"

Gwaggo ta ce ita dai ba ta da ta cewa, tana roƙon Allah ya sa kada abin ya yi wuta.

Aka shiga aiki. Akwai wata ƙofar gida da mai ita ya ƙi karɓa saboda ba ta shiga ramin da aka gina mata ba, ita Injiniya ya yayyanka. Tayoyi ya kwaso na tsohon babur a wurin mai faci. Wurin zama kuwa tsohuwar kujerar mai aski ce, har da matashin jingina ƙeya. Kwana da kwanaki tartsatsi na tashi, guduma na kuka, duk wanda ya kawo min gyaran waya sai mun yi magana da ihu.

Ranar da ya gama, sai ga shi Walƙiya ba ta fita ta ƙofar shagon. Aka juya ta gefe, aka ɗaga ta tsaye, ta ƙi.

Mai aski ya ce, "To, ko a cikin shagon za a yi tseren?"

Injiniya ya ce keken daidai yake, ƙofar ce ta yi kaɗan. Ya ɗauko injin yankan ƙarfe ya datse ƙofar shagonsa da kansa, mai sana'ar ƙofa ya koma rufe shago da fallen kwanon rufi. Mutum huɗu suka turo Walƙiya waje suna nishi.

Ya buɗe hannu yana murmushi. "Bismillah, ƙanwata. Hau."

Na ce, "Ƙafa kawai na rasa, Yaya Injiniya. Hankalina yana nan."

Aka kwashe da dariya. Ya ji haushi, ya ce ai dama mutanenmu ba sa yarda da na gida. Ya gyara hular kwano, ya haye kujerar askin, ya ce mai faci ya ɗan tura shi zuwa bakin gangara.

Mai aski ya leƙa ƙasa, ya leƙa gefe. "Ina birkin?"

"Tsere za a yi ko tsayawa? Tura, malam!"

Mai faci ya tura. Da farko Injiniya har ɗaga wa mutane hannu yake. Da gangara ta karɓe shi sai hannun ya koma riƙe hula. Can sai muka ji yana kiran sunan Allah, yana kiran mai faci, yana kiran Yaya da take gida ba ta san abin da ake ba. Masu tafiya suka dare. Wani mai babur ya faɗa kwata don ya ba shi hanya. Gwaggo ta ɗago kai ta ga ƙofar gida mai taya tana nufo ta, ta yi tsallen da rabonta da shi tun tana budurwa.

Ƙarar da muka ji ba ta ƙarfe ba ce, ta ƙwai ce, kiret a kan kiret.

Da muka isa, Injiniya yana zaune cikin rumfa, ƙwanduwa na bin gemunsa, Gwaggo tana sauke masa faranti a gadon baya tana faɗin abubuwan da ba zan maimaita ba. Ya share ido da bayan hannu ya dube mu.

"Amma kun ga gudu?"

Mai faci ya ce mun gani.

"Abu ɗaya ya rage. Birki. Na koyi darasi."

Gwaggo ta ce Walƙiya ba za ta bar rumfarta ba, ta kama ta ke nan. Har yanzu a kujerar askin nan take zama tana sayar da ƙwai. Ni kuwa na yi dariya har cikina ya ƙulle, na ɗauka magana ta ƙare.

Da tantancewa ta matso, Koci ya ce in huta, kada in taɓa keke, in bar hannuwana su tara ƙarfi. Na bi umarni. A 'yan kwanakin nan tartsatsi ya dawo bayan fallen kwano, na tambayi Injiniya me ake ƙerawa, ya ce aikin sirri ne na wani babban mutum. Yaya kuma ta kawo min abinci tana ta kallon ƙasa, na ɗauka faɗa suka yi. Ana gobe tsere Injiniya ya leƙo teburina.

"Kada ki wahalar da kanki, ƙanwata. Ni zan kai miki keken fili a motar kaya. Ke dai ki je da hannuwanki."

Har godiya na yi masa, jama'a. Har da addu'a.

Ranar tsere fili ya cika. Mai aski da mai faci sun rufe shago sun zo, Gwaggo ma ta zo, ta ce tana so ta ga yadda keke yake in yana da hankali. Ina zaune kusa da Koci ina ɗaura safar hannu, sai ga Injiniya cikin farar kwat da farar hular kwano, yana turo wani abu lulluɓe da zanin gadon Yaya. Ya tsaya inda kowa zai gani, ya yi gyaran murya, ya yaye zanin.

Na daɗe ina kallon abin kafin na gane kekena ne.

An yi masa baƙin fenti da ruwan zinariya irin na ƙofar masu kuɗi. An liƙa masa furannin ƙarfe a gefe da gefe, ga madubi, ga ƙararrawa. A jikin kowace taya an rubuta sunan shagon Injiniya da lambar wayarsa. Ƙafafun baya kuwa sun miƙe tsaye zam. Ɗan ƙarfen kwana babu shi, an yanke, an yi wa ƙafar gaba walda ta kalli gaba har abada.

"Na cire masa gwamen," in ji shi yana buga ƙirji. "Janyewar nan da yake yi hagu ma na kashe ta. Yanzu ko ido a rufe, miƙe zai tafi. Birki kuwa, wannan ɗan tsiririn na keken yara na jefar, na sa masa na babur. Ni da kaina na gwada, taɓawa ɗaya, cak!"

Koci ya matso kusa da keken. Ya cire hularsa ya mayar. Mutumin da kullum muryarsa ke cika fili, ranar nan da ƙyar ta fito.

"Malam, ka san filin nan zagaye yake?"

"Injiniya," ya gyara masa.

"Tseren yarinyar nan zagaye guda ne. Lanƙwasa biyu gare shi. Da me za ta sha kwana?"

Injiniya ya juya ya kalli filin kamar yau aka lanƙwasa shi. Ya ce, "To ai wannan laifin wanda ya zana filin ne."

Yaya ta fashe da kuka. "Wallahi Auta, ce min ya yi goge shi kawai zai yi!"

Mai aski ya ce, "Ai ya goge shi. Ya goge shi daga duniya."

Ni ban yi kuka ba. Duk asubar da na fito, duk kantar da ke tafin hannuna, duk ranar da na koma gida ban iya ɗaga cokali ba, mutumin nan ya bi su da walda saboda bai taɓa tsayawa ya tambaye ni ba. Na ce masa, "Yaya Injiniya, ni ce ke hawa keken nan. Ko sau ɗaya ka tambaye ni?"

Ya ce, "Haba ƙanwata, likita yana tambayar mara lafiya yadda ake allura?"

Da hannuna zai kai wuyansa, da yau Yaya tana takaba.

Aka kira tserena a lasifika, ina ji ina gani aka tashi babu ni. Aro ba ya yiwuwa, kowa kekensa daidai jikinsa aka saita, kuma kowa nasa tseren yake jira. Koci ya ruga wurin alƙalan wasa, ya yi magiya, ya yi rantsuwa, ya nuna musu keken. Ɗaya daga cikinsu sai da ya juya baya don dariya. Can ya dawo yana haki.

"Akwai layi guda da ba kowa a tseren mita ɗari. Miƙaƙƙe ne, ba kwana. Na san ba naki ba ne, Auta, ke mai dogon zango ce. Amma ukun farko ukun farko ne."

Alƙalai suka ce sai an cire tarkacen. Mai faci ya samo guduma, ya hau furanni da madubi da ƙararrawa da duka, yana yi yana murmushi, Injiniya yana zagaya shi yana ihu, "Adon! Kai jahili, adon ne ke yanka iska!"

Aka ɗora ni, aka ɗaure min ƙafafu a ƙasa yadda aka saba. Tun kafin a tashi na ji tayoyin suna gugar hannuna, don yanzu ba su kauce wa kowa ba. Na duba gaba. Can bayan layin ƙarshe, daidai saitin layina, na hango farar hular kwano. Injiniya ya je ya samu mai sanarwa, yana ta ƙoƙarin karɓe makirufo daga hannunsa. A bayansa akwai wani babban baho cike da ruwan ƙanƙara, inda 'yan wasa ke tsoma jiki in sun gama.

Bindiga ta tashi.

Kowa ya fice ya bar ni. Keken ya yi nauyi kamar ina jan rumfar Gwaggo. Na daki taya, ta gurje min hannu. Na sake duka, ta sake gurza. Sai na ji lasifika ta cika fili da muryar da na sani.

"Jama'a, ku dubi layi na ƙarshe! Wannan baƙin keke aikin hannuna ne! Lambar wayata tana jikin taya!"

To, a nan ne wani abu ya tsinke min. Na kafa ido a kan hular nan, na riƙa dukan taya kamar ƙeyarsa ce. Wannan na gwame, wannan na kwana, wannan na godiyar da na yi masa. Na daina jin zafi. Na wuce ɗaya. Na wuce wata. Na ji Gwaggo tana ƙwala ihu, "Auta! Ki rama min ƙwaina!" Na ji Koci ya samo muryarsa yana kiran sunana. Mutum biyu sun riga sun yi nisa, saura wata mai jan keke a gefena, muna kafaɗa da kafaɗa. Na runtse ido na zuba duk abin da ya rage a hannuna.

Da ɗan ƙiris na riga ta tsallake layi. Ta uku.

Sauran suka bugi ƙarfensu, kekunansu suka bi kwana hagu suna rage gudu. Ni ma hannuna ya kai inda ya saba, ya tarar da tabon walda. Na lalubi birki inda yake, babu. Na duba ƙasa. Ga shi can kusa da ƙafata da ke ɗaure, sabo fil yana sheƙi. Birkin babur ne, na takawa.

Keken kuwa, kamar yadda mai gyaransa ya yi alkawari, miƙe yake tafiya.

Injiniya yana tsakiyar cewa, "Kun gani ko? Na gaya muku, ni in na taɓa ƙarfe..." sai ya ga ƙarfen yana zuwa. Idanunsa suka fito. Ya manta makirufo na bakinsa, ya kurma ihun da duk filin ya ji.

"Auta! Taka birki! Taka! Taka mana!"

Na riga na iso kusa, don haka amsata ma ta shiga lasifika.

"Da wace ƙafar?"

Sai ƙafar gaban nan da ya miƙar da hannunsa ta shige tsakanin ƙafafunsa, ta ɗaga shi, ta kai shi baya. Ya tafi da farar kwat ɗinsa cikin bahon ƙanƙara, ƙafafu a sama. Ruwa ya yi tsalle ya jiƙa mai sanarwa. Keken ya daki bahon ya tsaya, hular kwano ta taso tana yawo a kan ruwa ita kaɗai.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Alƙalai sun kwanta a kan teburinsu. Mai faci yana birgima a ƙasa da gudumarsa. Yaya tana kuka tana dariya, ta rasa wanne za ta riƙe. Injiniya ya ɗago kai, haƙoransa na kaɗawa, ya dubi jama'a.

"A-amma d-dai ta zo ta uku."

Gwaggo ta danna masa hular a ka ta mayar da shi cikin ruwa.

Koci ya sa shi ya ɗauki keken a ka, yana ɗigar ruwa, ya ce ya kai shi wurin masu gyaran gaske, kuma in ya sake kusantar sa da walda zai san filin nan zagaye yake, don sai ya zagaya shi a guje. Daga ranar ba wanda ya sake ce masa Injiniya a layinmu. Taka-Birki ake kiransa, har masu kawo aikin taga.

Da fili ya watse, Koci ya zauna yana wanke min hannuwa da magani, duk sun sale har gwiwar hannu. Ya ce sunana ya shiga babbar ƙungiya, za a auna ni a ba ni kekena. A nan ne kukan da na riƙe tun safe ya zo, na yi shi son raina. Ya bar ni na gama, yana naɗa min bandeji, sai ya yi ƙasa da murya.

"Auta, ni na koya miki. Ko ba birki, da kin dafe tayoyin nan da safar hannu, da kin tsaya tun kafin ki kai gare shi."

Na share hawaye na ce, "Na sani, Koci."